Ƙari a gidan ƙwai: matakan gano ko melanoma ce, daga Maraɗi har ɗakin awon nama

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga mata da mazajensu: an yi hoton ciki, an ce akwai ƙari a gidan ƙwai, to yanzu sai me? Wasu kuma sun riga sun wuce nan. An yi aiki, takarda ta fito da wani suna da ba su taɓa ji ba, melanoma, kuma da suka tambaya aka ce musu dajin fata ne. Me ya kai ciwon fata cikin mara?

Da farko ki kwantar da hankalinki, ƴar'uwa: yawancin ƙarin da ake gani a gidan ƙwai ba daji ba ne. Melanoma a wannan wuri kuwa abu ne mai wuyar gani ƙwarai, likita na iya gama shekarun aikinsa bai gamu da ita ba. Amma hanyar da ake bi a gano ta ita ce hanyar da ake bi a gano kowane ƙari, kuma inda ake yin asarar ta nan ne ake yin asarar sauran. Hoto ba ya faɗin sunan ciwo, jini ma ba ya faɗa. Naman da aka ciro ne kaɗai ke faɗa, in an kai shi inda ya dace yadda ya dace.

1. Ki san ranar da jira ya ƙare

Ciki da ke cika kullum kamar an hura shi, saurin ƙoshi bayan loma kaɗan, nauyi ko ciwo a mara, yawan fitsari, zani ya daina zagayowa alhali hannuwa da wuya suna ramewa. In waɗannan sun zauna kusan kullum har sati biyu zuwa uku, ki je asibiti. Matar da al'ada ta ɗauke mata sannan jini ya dawo, ko ɗigo ne, kada ta jira ko sati guda. Fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku ko na garinku, a ba ki takardar turawa zuwa wurin likitan mata. A cikin Maraɗi akwai Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, akwai babban asibitin jiha, akwai kuma asibitin Referans.

Hattara: ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a gefe guda na mara, tare da amai, na iya zama ƙarin ne ya murɗe. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Kuma duk yadda ciki ya kumbura, kada a yarda a yi masa tsaga, ƙaho ko sakiya.

2. Tattara labarinki kafin ki shiga wurin likita

Layi na da tsawo, lokacin ganawa kaɗan ne, shi ya sa ake shirya magana tun daga gida. Ki riƙe ranar al'adarki ta ƙarshe, yawan ciki da haihuwa, irin tsarin iyalin da kike yi, da magungunan da kike sha har da na gargajiya. Ki faɗi in uwa, ƴar'uwa ko gwaggo ta taɓa yin dajin nono ko na gidan ƙwai. Tsofaffin takardu duka a jaka guda, ko da sun yi shekara goma.

Ga tambayar da ba a cika yi ba, kuma a batun melanoma ita ce kan gaba: an taɓa cire miki wani baƙin tabo, tawada ko tsiro a jiki? Wanzami ya taɓa yanke miki wani abu a tafin ƙafa? An taɓa cire miki farce saboda ya yi baƙi, ko aka yi miki aiki a ido? Ki faɗa ko ba a tambaye ki ba, ko wurin ya warke sumul. Melanoma na iya yin shiru shekaru da yawa bayan an yanke ta, sannan ta ɓulla a wani wuri can daban, har da gidan ƙwai.

3. Awon juna biyu, sannan eko

Duk matar da ba ta daina al'ada ba, awon juna biyu ake fara yi mata. Kada budurwa ko bazawara ta ɗauki wannan a matsayin zargi. Ƙa'idar aiki ce, domin ciki a wajen mahaifa na iya kama da ƙari, kuma hoton sikana, wato hoton X-ray da ake yi bayan an kwantar da mutum cikin babbar na'ura, na iya cutar da ɗan tayi.

Eko, wato hoton ciki na na'urar da ake gogawa, iri biyu ne. Na saman ciki yana son mafitsara cike: ki sha ruwa kamar lita guda awa ɗaya kafin a kira ki, kada ki yi fitsari. Na ta gaba kuwa sai an yi fitsari tukuna, kuma ya fi nuna gidan ƙwai sarai. Budurwa na saman ciki ake yi mata. In an ba ki zaɓi kuma ke matar aure ce, ki karɓi na biyun, kina da damar neman mace ta tsaya tare da ke.

Kada ki fita da hoto kawai, ki karɓi rubutaccen bayani. Ya kamata ya faɗi girman ƙarin da santimita, ko gefe guda ne ko biyu, ko ruwa ne zalla ko akwai tsoka a ciki, ko jini na gudana cikin tsokar, ko kuma ruwa ya taru a ciki. Ƙaramin ƙullin ruwa zalla da bai kai santimita 5 ba a jikin mace mai al'ada yakan baje da kansa. A sake hoto bayan wata biyu a gani.

Akwai wani irin ƙari da ake kira dermoyid. Shi ne wanda in an fasa ake samun gashi, maiƙo, wani lokaci har haƙori ko ƙashi a ciki. Ba sihiri ba ne, ba jifa ba ne, halitta ce ta ƙwayoyin gidan ƙwai, kuma yana cikin ƙarin da aka fi samu a mata matasa. Mafi yawansa lafiya lau ne. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai ke rikiɗewa su zama daji, kuma melanoma ƙaramin yanki ce ko a cikin wannan ɗan kason. To amma tunda akwai fata a cikin dermoyid, nan ne kusan kaɗai melanoma ke iya tsirowa a gidan ƙwai da kanta. Abin da ke sa likita ya ƙara sa ido shi ne mace ta haura shekara 45, ƙarin ya wuce santimita 10, ko yana girma da sauri.

4. Awon jini, da abin da ba ya iya faɗa

Za a rubuta miki awon yawan jini, rukunin jini, aikin ƙoda da na hanta. Sai alamomin ƙari: CA-125 ga kowa, sannan AFP, beta-hCG da LDH ga matar da ba ta kai shekara 40 ba. LDH na da amfani daga baya ma in melanoma ta tabbata, saboda haka a ajiye sakamakonsa na farko.

Hattara: iyakar CA-125 ita ce 35, amma wucewarsa ba hukunci ba ne. Al'ada na ɗaga shi, juna biyu na ɗaga shi, ƙarin mahaifa, ciwon hanta da tarin fuka na cikin ciki duk suna ɗaga shi, kuma waɗannan biyun na ƙarshe ba baƙi ba ne a yankinmu. Haka nan yana iya fitowa daidai alhali akwai daji, musamman melanoma, tunda ba irin dajin da aka yi awon dominsa ba ce. Abin takaici ne a ga iyali sun shiga makoki kan lamba guda, ko kuma sun koma gida da murna sun watsar da sauran matakai saboda lambar ta yi kyau.

Ta fuskar kuɗi, alamomin ƙari sun fi awon jini na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba. In aljihu bai kai ba, ki tambayi likita kai tsaye wanne ne dole, wanne ne zai iya jira. Kada kuɗin awon nama ya ƙare a nan.

5. A duba fata daga tsagar kai har tsakanin yatsun ƙafa

Dubawar gida ta wannan matakin ba ta cin ko dala, kuma shi aka fi tsallakewa. Dalilinsa: melanomar da ake samu a gidan ƙwai, wadda ta taso daga wani wuri ta yaɗo ta fi wadda ta tsiro a nan yawa. Sai an nemi mafarinta.

Mu baƙar fata, ba a fuska ko baya take yawan fitowa ba kamar yadda take yi wa Turawa. Tafin ƙafa ne wurinta na farko, musamman diddige, sai tafin hannu da ƙarƙashin farce. Wuraren da mace ke rufewa da lalle ke nan. Saboda haka daga ranar da aka ce akwai ƙari, ki dakatar da ƙunshi, ja ko baƙi, ki goge jan farce. Na fata yakan kwaɓe cikin sati biyu zuwa uku. Na farce sai farcen ya tsiro, kada ki jira shi, ki dai gaya wa likita yadda farcen yake kafin a sa lallen.

Ki wanke ƙafa da kyau, ki zauna inda rana ke haskawa, ki sa ɗiyarki ko ƙanwarki ta riƙe ƙafar ta duba da idonta, ta buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Abin nema: baƙin tabo da gefensa ba daidai ba, wanda launinsa ya gauraya, wani wuri baƙi ƙirin wani wuri ƙasa-ƙasa, wanda faɗinsa ya wuce milimita 6, ko wanda ke girma. Sai gyambon diddige da ya ƙi warkewa wata da watanni, ana ta cewa faso ne ko ƙaya ce ta karye a ciki. A farce kuwa, mutane da yawa cikinmu na da siraran baƙaƙen layuka a farata da dama, wannan ba komai. Wanda ake tsoro shi ne layi guda a farce guda, yana ƙara faɗi, baƙin har ya malalo kan fatar gindin farcen, ko farcen ya fara tsagewa. In ta ga wani abu, a ɗauki hotonsa da waya, a ajiye tsinken ashana kusa da shi don a gane girmansa.

Sauran wuraren aikin likita ne: fatar kai bayan an tsefe kitso, cikin baki da hanci, al'aura ciki da waje, dubura, da kaluluwa a matsematsi, hammata da wuya. Na san nauyin wannan dubawa ga mace. Ki nemi ungozoma ko likita mace, amma kada ki bari a tsallake ta. Daga nan sai likitan ido ya leƙa can cikin ƙwayar ido, domin melanoma na tsirowa a nan ma. Ana ɗiga maganin da ke buɗe ido, gani yakan yi hazo na ƴan awoyi, don haka ki je da mai rakiya.

Hattara: in an ga tabon da ake zargi, ba a ƙona shi, ba a kankare shi, ba a sa masa magani mai ci. Likita ne zai yanke shi ɗungurungum ya aika awon nama.

6. Sikana, da IRM in da hali

In eko ya nuna tsoka, ko ruwa a ciki, ko ƙari a gefe biyu, ana yin sikana ta ƙirji, ciki da mara kafin aiki, don a ga ko abin ya taɓa hanta, huhu ko kaluluwar ciki. Ana yin ta ne da allurar da ke haska jijiyoyi, shi ya sa ake son sakamakon awon ƙoda a hannu. Ki faɗa in kina shan metformin na ciwon suga, ko in wata allura ta taɓa tayar miki da borin jini. Ki tambaya tun ranar karɓar lokaci ko ke za ki sayo ruwan allurar daga farmasi, da kuma awa nawa za ki yi ba ci.

IRM, wato hoton da ake yi da na'ura mai maganaɗisu, ta fi sikana rarrabe abin da ke cikin ƙarin, tana gane maiƙon dermoyid, kuma baƙin sinadarin melanoma yakan yi haske a wani nau'in hotonta. Amma ta fi tsada, kuma ba ta hana aiki. In samunta zai jawo jinkirin wata guda, ra'ayina shi ne a tambayi likita ko za a iya wucewa ba ita. Ki karɓi faifan hoton tare da takardar, likitan gaba zai so ya gani da idonsa.

7. Zama da likitan tiyata kafin ranar aiki

Maigida, wannan zaman da kai za a yi, kuma a gaban ita mai jikin, ba a bayan idonta ba. Tambayoyi huɗu ne ba a tashi sai an ji amsarsu. Me za a cire, gefe guda ko duka har da mahaifa? In an buɗe aka ga abin ya wuce yadda ake zato, me aka amince a yi? Wa zai kai naman awo, kuma ina? Akwai formol, ruwan da ke hana nama ruɓewa, da mazubi a ɗakin aiki, ko mu za mu kawo?

Matar da ke son haihuwa ta faɗa a wannan zama. Sau da yawa ana iya cire gefen da ya kamu a bar ɗayan da mahaifa har sakamako ya fito. In kuma hotuna sun nuna alamar daji sosai, ki tambaya ko ya fi a yi aikin a Yamai, a asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ko wani babban asibiti, domin aikin farko shi ne ke da nauyi a dajin gidan ƙwai. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Hattara: ƙarin da ake zargi kuma bai yaɗu ba, ba a huda shi da allura don a zuƙe ruwan ko a ɗebi kaɗan. Ana son a ciro shi da jakarsa ba ta fashe ba, don kada abin da ke ciki ya watsu.

A shirya masu ba da jini biyu ko uku tun da wuri. Game da kuɗi, tun 2007 akwai dokar da ta sa kula da dajin mata kyauta a asibitocin gwamnati, kuma daga Satumbar 2024 an rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi. Ki je ofishin taimakon marasa lafiya na asibitin ki ji abin da ya shafe ki. Duk da haka a yi tanadi, domin kafin a tabbatar daji ne akwai awo da yawa, kuma magani ko kayan aiki na iya yankewa a ce a sayo waje. Kowane biya a karɓi rasit.

8. Ranar aiki: mutum guda ya tsaya kan naman

Nan ne komai ke gyaruwa ko ya ɓaci. An fito da mara lafiya, hankalin kowa na kanta, sai ma'aikaci ya leƙo da wani abu a roba ya nuna wa dangi. Ana salati, ana duba gashin da ke ciki, sai wani dattijo ya ce a je a binne. Ko kuma a bar shi a ɗakin aiki ba wanda ya tambaya. Daga ranar an rufe ƙofar sanin ciwon, duk kuɗin da aka kashe a baya sun tafi a rabin aiki. Ko likita ya ce da ganin ido dermoyid ne mai lafiya, a kai awo. Melanoma na iya zama ɗan wuri kaɗan a bangon ƙarin, kuma wata ba ta da baƙi ko kaɗan.

Saboda haka tun kafin a shiga, a zaɓi mutum guda mai natsuwa, aikinsa ke nan. Ga abin da zai tabbatar:

Mazubi mai faɗin baki da murfi mai kamawa, ƙaramin bokitin roba ma ya yi. Nama na taurara a cikin formol, in an cusa shi a kwalba mai ƙaramin wuya ba ya fita sai an fasa.

Ruwan da ake sawa formol ne mai ƙarfin kashi 10, ba ruwan ƙarin ruwa ba, ba alkol ba, ba ruwan pampo ba. Ya shanye naman gaba ɗaya, ƙa'ida ma ya ninka girmansa sau 10. A sa shi cikin awa guda da cirowa. A zafin Maraɗi nama ba ya jira.

Formol na ratsa nama a hankali, kamar milimita guda a awa. Babban ƙari in an jefa shi haka nan, bayansa zai kamu cikinsa ya ruɓe. Likita ne zai tsaga shi yadda ruwan zai shiga, ba dangi ba. A tuna masa cikin ladabi.

Duk abin da aka ciro a aika, ba yanki ba. In an ciro daga wurare daban-daban, kowanne da mazubinsa. In an ɗebi ruwan ciki, shi ba a zuba masa formol, a tambayi likita yadda za a yi da shi a ranar.

A rubuta suna, shekaru, ranar aiki da gefen da aka cire a jikin mazubin, ba a murfi ba. Takardar rakiya ta ƙunshi abin da likita ya gani da lambar wayarsa. In an taɓa cire miki baƙin tabo, a rubuta shi a wannan takarda ƙarara. Layi guda ne, amma yana iya rage wa mai awo makonni na lalube.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da rashin binnewa ba, ya tambayi ɗakin awon ko za a iya ba shi ragowar bayan an gama. Awo dai shi ne farko.

9. Kai shi ɗakin anapat

Anapat shi ne ɗakin da ake yanka nama siriri a duba shi a madubin likita. Ki tambayi likitanki inda asibitinsu ke aikawa. In Yamai ce, akwai irin wannan ɗaki a tsangayar likitanci ta Jami'ar Abdu Mumuni. Tafiyar ta haura kilomita 600, yini guda ce a bas, don haka a naɗe murfin da salatif, a sa cikin leda biyu, a tsayar da shi cikin kwali, a ajiye a inuwa. Ba a sa shi a firiza, ƙanƙara na lalata nama. Formol guba ne, warinsa na ƙona ido da hanci, a nisanta shi da yara da abinci. Kada ya kwana sati a gida ana jiran a sayar da akuya. Naman da ya daɗe a formol yakan ƙi amsa awo na biyu da ke mataki na 10. Shi ya sa ake ware kuɗinsa tun kafin aiki.

A karɓi lambar da aka yi wa naman rajista da ita, da ranar dawowa. Sakamako kan ɗauki makonni. In lokacin ya wuce, a bi sawu da lambar nan, kada a ce shiru alamar lafiya ce.

10. In an ce sai an ƙara awo

A madubi, melanoma gwanar kwaikwayo ce. Tana iya kama da dajin gidan ƙwai na yau da kullum, ko da wasu ƙari na daban, balle in ba ta da baƙi. Sai takarda ta fito da cewa ana zargi, a yi iminohisto. Wannan awo ne da ake ɗiga wasu sinadarai kan naman a ga wanda zai kama. A melanoma, S100, SOX10, HMB-45 da Melan-A ne ke kamawa, sitokeratin kuwa yawanci ba ya kamawa. Ba a dogara da guda ɗaya: Melan-A na kama wasu ƙarin gidan ƙwai da ba melanoma ba, shi ya sa ake haɗawa da inhibin don a rarrabe.

Ba kowane ɗakin awo ke yin sa ba, wani lokaci sai an aika wata ƙasa, kuma yana cikin matakai masu tsada. Amma ba a sake aiki dominsa. Ɗakin anapat na ajiye naman cikin ƴan ƙananan dunƙulen kakin kyandir, kowanne bai wuce akwatin ashana ba. Su ake nema da takardar likita, tare da gilasan da aka duba, a aika. Hattara da zafi: kakin na narkewa kusa da digiri 60, kada a bar shi gaban gilashin mota a watan Afrilu.

Kada a fara maganin daji kafin wannan sakamako in har anapat ta nema. Dajin gidan ƙwai da aka saba gani ana ba shi karboplatin da paklitaksel. Melanoma ba ta cika jin su ba, nata magungunan daban ne. Fara magani kan zato na iya cinye kuɗi da ƙarfin jiki a kan ciwon da ba shi ba ne.

11. Ƴar gida ce ko baƙuwa?

In melanoma ta tabbata, saura a san inda ta fito. Gidan ƙwai mai lafiya ba shi da ƙwayoyin da ke yin baƙin fata, don haka ba a cewa a nan ta tsiro sai an cika sharuɗɗa: ƙarin na gefe guda, an ga dermoyid tare da ita a cikin naman, kuma an bincike ko'ina ba a sami wani mafari ba. In gefe biyu ne kuma ba dermoyid, ko akwai labarin tabon da aka taɓa yankewa, to mai yiwuwa daga wani wuri ta zo, ko da ba a ga wurin ba. Wani lokaci na fatar yakan baje da kansa bayan ya riga ya yaɗu.

A wannan gaɓa ana maimaita mataki na 5 da natsuwa, a wurin likitan fata in akwai, lalle ya riga ya fita. Ana ƙara hoton ƙwaƙwalwa, IRM ta fi, domin melanoma na yawan zuwa can. Ki faɗi duk wani sabon ciwon kai, jiri ko mutuwar hannu. Sannan a tambaya ko za a iya auna BRAF, wani canji da ake samu a ƙwayoyin halittar wasu melanoma, a kan dunƙulen kakin nan, tunda akwai ƙwayoyi irin dabrafenib da trametinib da ke aiki ga wadda aka samu wannan canji a nata kaɗai.

12. Haɗa takardu zuwa wurin likitan daji

Mataki na gaba Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ce a Yamai. Abin da za ki riƙa: takardar turawa, bayanin aikin da aka yi da hannun likitan tiyata, sakamakon anapat da na iminohisto, faifan sikana, da duk awon jini bisa jerin kwanan wata. Bayanin aiki shi aka fi mantawa, ki neme shi tun kafin a sallame ki, domin nan aka rubuta ko ƙarin ya fashe da abin da aka bari. A yi fotokofi biyu na komai, a ɗauki hotonsu a waya, na asali kuma kada ya bar hannunki.

A can za a yi maganar ko akwai sauran aiki, da magungunan da ke tayar da garkuwar jiki irin pembrolizumab da nivolumab, waɗanda suka canza yadda ake jinyar melanoma a duniya amma tsadarsu mai yawa ce. Ki tambayi abin da ake samu a ƙasa, da abin da zai biyo baya in ba a samu ba. Kafin ku kama hanya, a kira a tabbatar da ranar ganin likita, a kuma shirya masauki na aƙalla sati guda, domin da wuya a gama a yini ɗaya.